DABBA MAI KIWO A ƘARƘASHIN TEKU

A can ƙarƙashin teku akwai wata ƴar dabba mai kiwo garke-garke kamar tumaki. Masana na kiran ta Scotoplanes. Turawa sun laƙaba mata suna "aladen teku", don jikinta jaja-jaja ne, ga kumburi, ga gajerun ƙafafu. Amma ba ta da dangantaka da alade. Danginta su ne dabbobin da ake kira kokwambar teku, masu siffar gurji.

Wani jirgin ruwa na Ingila mai suna Challenger ne ya kamo ta, lokacin da ya zagaya tekunan duniya daga 1872 zuwa 1876. A 1879 wani masani ɗan ƙasar Suwidin, Hjalmar Théel, ya rubuta bayaninta.

Inda take zaune

Ana samun ta daga zurfin metir 1.000 zuwa fiye da 5.000. Metir 4.000 daidai yake da rijiya 100 masu zurfin metir 40, wata bisa wata. Hasken rana ba ya kai can. Ruwan yana da sanyi kusan na ƙanƙara. Nauyin ruwan da ke danne wuri kamar faɗin farce ya kai kilo 400, wato buhu 4 na gero.

Yadda jikinta yake

Tsawonta bai cika wuce santimetir 15 ba. Ba ta da ido, ba ta da ƙashin baya, ba ta da huhu. Ta fata take numfashi. Ƙafafunta kamar salka suke: in ta tura ruwa ciki su miƙe, in ta janye su lanƙwashe. Da haka take takawa bisa laka ba ta nutse ba.

Abincinta

Ciyawa ba ta tsira cikin duhu. Abin da ya mutu a saman teku shi ke gangarowa ƙasa a hankali, kamar ƙura. Dabbar tana ɗibar laka da ƴan hannuwan da ke kewaye da bakinta, ta haɗiye, ta narkar da abin amfani, ta fitar da sauran. Ta fi son abincin da bai daɗe da faɗowa ba. Inda ya yi yawa sukan taru ɗaruruwa, duk sun fuskanci inda ruwa ke fitowa. Aikinta irin na tsutsar ƙasa ne a gona: tana juya laka, tana sabunta ta. Ƴaƴan wata irin ƙaguwa ma sukan ɓuya ƙarƙashin cikinta.

Haɗarin da ke tafe

A wasu filayen da danginta ke kiwo akwai duwatsu kamar dankali, masu ɗauke da tagulla da nikel da kobal, ƙarafan da ake yin batir da su. Kamfanoni na son kwashe su da manyan injuna.

A 1989 masanan Jamus sun ja garma a ƙasan teku, yamma da ƙasar Peru, zurfin metir 4.000 da ƴan kai, don su ga abin da zai faru. A 2015 aka koma duba wurin. Shekara 26 ke nan, amma sawun garmar yana nan, kuma halittu da yawa ba su dawo yadda suke ba.

Manomi ya san gonar da ta gaji, in an bar ta ta huta ƴan shekaru, takan farfaɗo. Ƙasan teku ba haka take ba. Duwatsun nan kansu sai sun yi shekaru miliyoyi kafin su kai girman dankali.