Ɗakin Renon 'Ya'yan Kifi a Cikin Gida

Kiwon kifi ba baƙon abu ba ne a arewacin Nijeriya. Tun a 1951 aka soma gina gonar kifi ta Panyam a Filato, a yau kuwa akwai ƙungiyoyin manoma da yawa masu tafkin kifi nasu. Amma abin da yakan durƙusar da mu shi ne iri. Mukan tara kuɗi mu aika mutum gari mai nisa ya sayo 'ya'yan tarwaɗa. Kafin ya iso waɗansu sun mutu a mota. Waɗanda suka tsira kuma sau da yawa tsumburarru ne da mai sayarwa ya tsince ya bar mana. Mu yi ta ciyar da su wata shida, kuɗin abinci bai dawo ba.

Maganin wannan shi ne ƙungiya ta keɓe ɗaki guda a gidan ɗaya daga cikin membobi, ta gina tankuna da dama a ciki, ta reni nata iri.

Don me tankuna da yawa?

Dalili na fari, tarwaɗa tana cin 'yar'uwarta. Cikin 'ya'yan uwa ɗaya, waɗansu sukan yi saurin girma su bar saura a baya, daga nan su shiga haɗiye ƙananan. Wanda ya zuba dubu goma a tanki ɗaya ya ƙyale su, bayan wata guda zai tarar da 'yan ƙatti kaɗan suna yawo, saura sun tafi cikinsu. Sai da tankuna dabam dabam za a iya ware manya daga ƙanana.

Dalili na biyu, cuta. In ta shiga tanki ɗaya alhali shi kaɗai gare mu, jarin ƙungiya duka ya tafi. In huɗu ne ko biyar, a yi hasarar ɗaya a tsira da saura.

Saboda haka muna ba da shawarar tankuna biyar: ɗaya na ƙyanƙyasa, uku na reno bisa ga girma, ɗaya kuma a bar shi ba kowa, domin baƙin kifi ko marasa lafiya.

Shirin ɗakin

Kafin a sayi siminti, a fara duba ruwa. Rijiya ko burtsatse da ba ta ƙafewa da rani ita ce tushen aikin. In ruwan famfo ne, akwai maganin kulorin a ciki wanda yakan kashe 'ya'yan kifi. A tara shi a buɗe ya kwana ya wuni kafin a yi amfani da shi.

Mu tuna ruwa yana da nauyi. Lita ɗaya kilo ɗaya ce. Tanki mai tsawon mita 2 da faɗin mita 1, in aka zuba masa ruwa zurfin santimita 30, ya ɗauki lita 600, wato kilo 600 ban da nauyin gini. Don haka daɓen ɗakin ya zama na kankare mai ƙarfi, a ɗan karkata shi wajen magudana domin ruwan da ya zube ya fita. Babban tankin ajiya a ɗora shi waje bisa ginshiƙi mai ƙwari, ruwa ya riƙa gangarowa da kansa ba sai da inji ba.

Kowane tanki ya sami bututun shigar ruwa nasa da na fita nasa. Kada a bar ruwan wannan ya zuba cikin wancan, gama ta nan cuta take bi. Ruwan da aka zubar kuwa taki ne. A janye shi zuwa lambun alayyafo ko gindin ayaba.

Sabon siminti yana fid da guba mai ƙona kifi. A cika tankin da ruwa, a bar shi kwana uku ko huɗu, a zubar, a goge, a sāke cikawa, har mako biyu. Ƙungiyar da ba ta da ƙarfin gini tana iya farawa da manyan bahon roba, ko durom na roba da aka raba biyu, muddin ba a taɓa zuba man fetur ko maganin feshi a ciki ba.

Sanyin hunturu

Wannan ne dalilin da ya sa muka ce ɗaki, ba fili ba. 'Ya'yan tarwaɗa suna son ruwa mai ɗumin digiri 27 zuwa 30 a ma'aunin zafi. A irin wannan ɗumi ƙwai yakan ƙyanƙyashe cikin kwana ɗaya ko da ɗan ƙari. Da hunturu, musamman a tudun Jos, ruwa yakan yi sanyi da dare har su daina cin abinci. A toshe tagogi da leda, a rufe tankuna da dare, a sayi ma'aunin zafi a riƙa dubawa safe da yamma. A bar ɗakin da ɗan duhu, gama hasken rana mai ƙarfi yana damun su.

Aikin yau da kullum

Kwana uku na fari bayan ƙyanƙyasa ba a ba su kome, suna da guzurinsu na gwaiduwa a ciki. Daga rana ta huɗu a soma ba su abincin jarirai mai laushi, kaɗan kaɗan, sau biyar ko shida a rana. Babbar tarwaɗa tana iya hawowa ta shaƙi iska, amma jarirai ba su kai ga haka ba tukuna, don haka ruwa ya riƙa ɗan gudana. Abincin da ya rage a ƙasa yakan ruɓe ya ɓata ruwa, ya kashe kifi fiye da yunwa. Kowace safiya a zuƙe dattin da siririn tiyo.

Kowane tanki da komarsa da bokitinsa, a rubuta lamba a jiki. Sau ɗaya a mako a tsince waɗanda suka fi girma a kai su wani tanki. Bayan mako shida zuwa takwas sun kai tsawon yatsa, sun isa a kai su tafki ko a sayar wa maƙwabta.

A fara da kaɗan

Ƙyanƙyasa kanta, wato yi wa uwar kifi allura da tatsar ƙwai, aiki ne da sai an gani da ido. Shekarar fari a sayo ƙananan 'ya'ya daga wuri mafi kusa, a koyi reno. In hannu ya faɗa, ƙungiya ta tura mutum biyu su koyi sauran, ko wurin malamin gona na kifi, ko a cibiyar binciken kifi ta New Bussa kusa da tafkin Kainji.

A zaɓi mutum ɗaya mai haƙuri ya zama mai kula da ɗakin, a yanka masa lada, a ba shi mataimaki saboda ranar kasuwa ko rashin lafiya. Magatakarda ya ba shi littafi ya riƙa rubuta ɗumin ruwa, da abincin da aka bayar, da yawan waɗanda suka mutu. A karanta littafin nan a taron wata, domin kowane memba ya san inda kuɗinsa ya kwana.