Dokar da Yaro Ya Sa Baki Cikinta: Tarbiyya a Makarantar Firamare

Duk wanda ya bi ta Dogarawa da sassafe zai ga yara tururu suna tsallaka titi zuwa makaranta. Wani daga makarantar allo ya fito, wani iyayensa ma'aikata ne a Samaru, wani kuma jikan waɗanda jirgin ƙasa ya kawo Sabon Gari ne bayan ya iso Zariya a 1911. Kowanne da tarbiyyar gidansu. Wannan an hore shi da sunkuyar da kai in babba na magana, wancan an koya masa ya ɗaga kai ya amsa. To, yaya malami guda zai ɗora su kan turba ɗaya?

Amsar da aka saba bayarwa ita ce bulala. Amma binciken masana halayyar ɗan'adam ya nuna wata hanya. A 1932 Jean Piaget, masani ɗan ƙasar Suwizalan, ya wallafa sakamakon nazarin da ya yi kan yadda yara ke wasan ƙwallayen gilashi. Ya tarar ƙananan yara suna ɗaukar dokar wasa tamkar abin da manya suka saukar, ba a taɓa ta, amma kuma su ne kan gaba wajen karya ta. Daga wajen shekara 10 sai yaro ya gane cewa doka yarjejeniya ce, ana iya sauya ta in kowa ya yarda, kuma a sannan ne ya fi kiyaye ta. Mai karatu ya lura da masu wasan langa ko carafke: wanda ya yi maguɗi, 'yan'uwansa ne ke tsawata masa, ba sai an kira babba ba.

A 1961 kuma Albert Bandura na Jami'ar Stanford a Amurka ya nuna cewa yaran da suka kalli babba yana jibgar 'yartsana, su ma jibgarta suka yi da aka bar su da ita. Ke nan malamin da ke zuwa a makare ya tsare ƙofa yana dukan 'yan latti, darasi biyu yake koyarwa, kuma ba wanda yake nufi a cikinsu.

An gwada wata dabara a wani aji huɗu a jihar Kansas, aka wallafa sakamakon a 1969. Aka raba ajin gida biyu, aka bayyana dokoki ƙalilan, kamar kada a yi magana ko a bar kujera ba da izini ba. Wanda ya karya, a ja wa rukuninsu layi a allo. Rukunin da ya fi ƙarancin layi ya sami tukuici, in duka ba su wuce iyaka ba su samu tare. Surutu ya ragu ƙwarai. A ganina sirrin yana ga ƙarancin dokokin da fitowarsu fili, ya fi ga tukuicin.

Abin da za a gina dokokin a kansa kuwa muna da shi a gida. A. H. M. Kirk-Greene, wanda ya koyar a Kongo, ya tattaro siffofin mutumin kirki a wajen Bahaushe cikin wani ɗan littafi na 1974, har da gaskiya da amana da haƙuri da kunya da ladabi da adalci. Sai dai yaro ɗan shekara 7 bai san amana a matsayin kalma ba. Ya san ta ne in an ce masa ya mayar da fensirin da ya ara kafin a tashi.

Saura iyaye. Kwamitin kula da makaranta, wato SBMC, wanda aka ƙarfafa a Jihar Kaduna daga 2008 ta shirin ESSPIN, yana haɗa hedimasta da mai unguwa da malaman addini da iyaye mata da wakilan ɗalibai. A irin wannan zama ne ya kamata a tsayar da magana kan latti, da tallar da ke hana 'yan mata zuwa aji, da irin horon da aka amince da shi, a karanta wa yara a taron safe, iyaye kuma su ji da kunnensu a taron PTA na farkon zango.