Abin da ya kamata ku sani game da mayar da littafin yara labari cikin zane

Mene ne labari cikin zane?

Littafi ne cikakke wanda hotuna ke ba da labarinsa. Ana raba kowane shafi gida-gida, kowane gida da zanensa, maganar mutum kuma tana cikin 'yar da'ira kusa da bakinsa. Kuna bin gidajen ne daga hagu zuwa dama, daga sama zuwa ƙasa.

Wane littafi aka taɓa yi wa haka?

Ku ɗauki Anne of Green Gables, wanda Lucy Maud Montgomery 'yar ƙasar Kanada ta fitar a 1908. Labarin Anne ne, marainiya mai jan gashi, 'yar shekara 11, da aka kai ta bisa kuskure gidan wani dattijo Matthew da 'yar'uwarsa Marilla a tsibirin Prince Edward, alhali yaro suka nema ya taya su aikin gona. A 2017 Mariah Marsden ta sake tsara labarin, Brenna Thummler ta zana shi.

Yaya ake aikin?

Mai tsarawa ce ke fara zaɓen abin da zai shiga da abin da za a bari, domin babi 38 ba za su shiga duka ba. Daga nan mai zane ta zayyana hotunan, ta sa launi.

Ku dubi wurin da wani yaro mai suna Gilbert ya ja kitson Anne a aji, ya kira ta karas saboda jan gashinta. A rubuce, marubuciya ce ke gaya muku ranta ya ɓaci. A zane kuwa, dole a nuna muku hannu riƙe da kitso, fuska ta murtuke, sannan allo ya fashe a kan Gilbert.

Me ake rasawa?

Anne yarinya ce mai surutu, kuma dogayen zantukanta ba sa shiga 'yar da'ira, sai an datse su. Haka nan mai zane ta riga ta zaɓa wa yaro kamannin Anne, maimakon ya ƙaga su da kansa.

Shin wannan karatu ne na gaske?

Ƙwarai kuwa. Yaro yana karanta kalmomi, yana kuma haɗa abin da ya faru tsakanin hoto da hoto. Wanda tulin rubutu ke tsorata shi yakan samu ƙofar shiga ta nan.

Me wannan aiki yake ci?

Yana cin lokaci da kuɗi, domin kowane shafi da hannu ake zana shi, buga launi kuma ya fi baƙi da fari tsada. Akwai kuma haƙƙin mallaka, wato ikon marubuci ko magadansa a kan aikinsa. A Najeriya yana ɗorewa shekara 70 bayan rasuwar marubuci, don haka mai son zana Magana Jari Ce na Abubakar Imam, wanda ya rasu a 1981, sai ya nemi izini.

Idan ɗanku ya gama na zanen yana neman ƙari, ku miƙa masa na asalin.