Kafin ka sabunta Minecraft, ka fitar da kwafin duniyarka

Duk mai ƙane ko ɗa da ke wasan Minecraft ya san yadda yaro kan shafe watanni yana gini: ya tayar da ganuwa, ya kafa garke, ya shimfiɗa layin dogo daga gidansa har bakin ramin da yake haƙar ma'adinai. Babba ya leƙa ya ce ai wasa ne. Wasan ne kuwa, amma wahalar da aka sha ta gaske ce, kuma dukkanta tana zaune ne cikin 'yan fayiloli a waya ko kwamfuta. Lokacin da aka fi yin asarar waɗannan fayiloli shi ne lokacin sauya sigar wasan.

Kamfanin Mojang na birnin Istokholm a ƙasar Suwidin ya saki cikakken wasan a 2011, Microsoft ya saye kamfanin a 2014 kan dala biliyan 2.5, kuma har yau ba a daina fitar da sababbin sigogi ba. Wasan ba ya ajiye duniya a dunƙule. Yana yanka ta yanki-yanki, kowane yanki bulo 16 a tsawo, 16 a faɗi, kuma ba ya ƙirƙirar yanki sai mai wasa ya kusance shi. Saboda haka idan sabuwar siga ta zo da sabon tsarin shimfiɗa ƙasa, inda ka riga ka taka yana nan yadda yake, inda ba ka taɓa zuwa ba kuwa sabon tsari ne zai haife shi. Waɗanda suka shiga sigar 1.7 a 2013 da tsofaffin duniyoyinsu sun ga abin da idonsu: mutum na tafiya cikin daji sai ya ci karo da katangar dutse a miƙe sambal, ko ƙasa ta yanke masa kwatsam sai teku.

Wasu sauye-sauyen sun fi haka zurfi. A sigar 1.13 ta 2018 an daina ajiye bulo da lamba, aka koma ajiye shi da suna, don haka duk tsohon yankin da aka buɗe sai wasan ya sake rubuta shi. A sigar 1.18, wadda ta fito ranar 30 ga Nuwamba 2021, an ƙara wa duniya zurfin bulo 64 a ƙasa da tsayin 64 a sama. A nan kam Mojang ya cancanci yabo: ya saje bakin tsohuwar ƙasa da sabuwa, ya kuma haƙa sababbin koguna a ƙarƙashin tsofaffin gidaje ba tare da ya rushe su ba. Gaskiya ita ce tafiya gaba ba ta cika ɓata duniya ba.

Komawa baya ce masifar. Sabunta duniya kamar kai gero injin niƙa ne, gari ba ya komawa tsaba. Tsohuwar siga ba ta san sababbin bulo ba, ba ta kuma iya karanta sabon rubutun. A bugun Java na kwamfuta, wasan zai gargaɗe ka, amma idan ka yi kunnen ƙashi ka buɗe, yana iya watsar da yankin da bai gane ba ya ƙirƙiro wani a madadinsa. Ka dawo inda gidanka yake ka tarar da ciyawa da tumaki, ko ka buɗe akwatunanka ka same su wayam. A bugun Bedrock, wanda shi ne na waya, tsohuwar siga takan ƙi buɗe duniyar ne gaba ɗaya. Masu zumuɗin ɗanɗana sigar gwaji kafin ta fito ga kowa su ne suka fi faɗawa wannan rami, haka ma masu kunna maɓallan gwaji, domin duniyar da aka kunna mata su ba a iya kashe mata su kuma.

Sai masu ƙara wa wasan kayan da wasu suka ƙera, abin da ake kira mod. Kowane mod da sigar da aka yi shi dominta. Ka buɗe duniya babu shi, duk injin da ka gina da kayansa ya tafi. Mai irin wannan duniya ya yi zamansa a sigarsa har sai masu mod sun iso. Manhajar buɗe wasan ta Java tana ba da damar zaɓen tsohuwar siga. Kuma jinkiri ba abin kunya ba ne. Sabar 2b2t, wadda duniyarta ke nan tun 2010, ta shekara da shekaru a kan sigar 1.12.2, sai a 2023 ta matsa gaba.

A wajenmu dai, inda yawancin yara a waya suke wasan, asarar ta fi zuwa ta wata ƙofa. Aboki ya turo sabuwar siga ta Xender, waya ta ƙi ɗora ta a kan tsohuwar saboda ba daga tushe ɗaya suka fito ba, sai yaro ya goge tsohuwar don sabuwa ta shiga. Android kuwa idan zai goge manhaja yakan haɗa da kayan da ta ajiye. Shi ke nan, aikin wata shida ya bi ruwa. Mutane da yawa suna zaton shiga da asusun Microsoft ya isa kariya. Asusun yana riƙe abin da ka saya, amma duniyar da ke cikin wayarka ba ya ɗauke ta, sai fa in kana biyan kuɗin sabar kamfanin mai suna Realms ka ɗora ta can.

Maganin bai wuce kwafi ba, amma kwafi iri biyu ne. Akwai wanda ake yi a cikin wasan daga shafin gyara duniya. Wannan ya isa gwaji, sai dai in an goge wasan tare suke tafiya. Na biyu shi ne wanda ya bar na'urar. A kwamfuta, rufe wasan tukuna, ka shiga foldar saves da ke cikin .minecraft, ka kwashe foldar duniyar zuwa filash. A waya sunan foldar minecraftWorlds, kuma tun daga Android 11 isa gare ta ya yi wuya, sau da yawa sai an jona wayar da kwamfuta. Rubuta wa kwafin kwanan wata da lambar sigar da aka yi wasa da shi a ƙarshe, domin bayan shekara ba za ka tuna ba. Ka kuma kashe wa wasan sabunta kai a Play Store, kada ka wayi gari an riga an yanke maka hukunci.

Ranar sabuntawa, kwafin cikin wasan za ka fara buɗewa, kuma ka tabbata akwai caji ko tsayayyar wuta, don ɗaukewar wuta a tsakiyar rubutu kan lalata fayil. Kada ka tsaya kallon ƙofar gida kawai. Buɗe akwatuna, duba dabbobi da mutanen ƙauye, hau jirgin ƙasanka har ƙarshen layi, gwada injinan da ka gina, shiga ƙofar da ke kaiwa duniyar Nether ka dawo, sannan ka taka har iyakar inda ka taɓa zuwa ka ga yadda sabuwar ƙasa ta haɗu da tsohuwa. In komai lafiya, ci gaba da wasa, amma tsohon kwafin ya zauna a filash ko da 'yan watanni ne, domin yankin da ya lalace ba ya nuna kansa sai ranar da ƙafarka ta kai wurin.