Mariam Issoufou da ginin ƙasa: abin da ƙauyukan Hausawan Sudan za su ɗauka daga Dandaji

Tun bayan da sojojin Sudan suka sake karɓe garin Singa a watan Nuwamban 2024, sannan Wad Madani a watan Janairun 2025, iyalai suna ta komawa ƙauyukansu a jihohin Jazira da Sennar da sauran garuruwan bakin Shuɗin Nilu. Cikinsu akwai Hausawan da kakanninsu suka zauna a yankin fiye da shekara ɗari, wasu a hanyar aikin hajji, wasu a ayarin Mai Wurno ɗan Sarkin Musulmi Attahiru bayan yaƙin Burmi na 1903. Da yawa sun tarar an wawashe gidajensu, damina kuma ta ci katangun da ba a yi wa yaɓe ba. Tambayar da ke gaban kowane mai gida ita ce: da me za a sake gini, alhali siminti da ƙarfe sun fi ƙarfin aljihu?

Fiye da kilomita 3,000 yamma da Sennar, wata 'yar Nijar mai zanen gine-gine ta shafe sama da shekara goma tana neman amsar irin wannan tambaya. Sunanta Mariam Issoufou, wadda a da aka fi sani da Mariam Kamara. Yamai, inda ofishinta yake, yana kan layi ɗaya da Sennar a taswirar duniya, kusan digiri 13 da rabi arewa da tsakiyar duniya. Rana iri ɗaya ce ke dukan garuruwan biyu, kuma a watan Afrilu da Mayu zafi kan wuce digiri 40 a kowannensu.

Daga kwamfuta zuwa tubali

An haifi Mariam a 1979 a birnin Saint-Étienne na Faransa, ta tashi a Nijar. Ba da gini ta fara ba. Ilimin kwamfuta ta karanta a Amurka, digirin farko a Jami'ar Purdue, na biyu a Jami'ar New York, ta kuma yi shekaru tana aikin tsara manhaja. Daga baya ta ajiye wannan sana'a ta koma aji, ta kammala digiri na biyu a fannin zanen gine-gine a Jami'ar Washington da ke Seattle a 2013. Bincikenta na ƙarshe ya duba yadda mata da 'yan mata ke rasa wurin zama a sararin birnin Yamai, inda fada da bakin titi suka zama na maza.

A 2014 ta buɗe ofishinta a Yamai, ta raɗa masa suna atelier masōmī. Kalmar ta Hausa ce, masomi, wato inda abu ya faro. Sunan ya nuna inda ta dosa: kafin a ja layi ko ɗaya a takarda, a fara da sanin ƙasar wurin, da iskarsa, da yadda mutanensa ke zama, da abin da maginansa suka riga suka iya.

Gidaje shida a Yamai

Aikin da ya fara fito da ita shi ne Niamey 2000, wanda aka kammala a 2016. Ta yi shi tare da abokan aiki uku, Yasaman Esmaili da Elizabeth Golden da Philip Sträter, a wata ƙungiya da suka kira united4design. Gidaje shida ne masu bene, a manne da juna a fili guda, kowanne da tsakar gidansa da wurin shan iska. Sun ɗauko tsarin daga tsofaffin birane irin su Kano da Damagaram da Tumbuktu, inda gidaje ke matse da juna suna yi wa juna inuwa, kuma kowane gida na da sirrinsa.

Kayan ginin shi ne matsattsen bulon ƙasa. Ana tankaɗe jar ƙasa, a zuba mata siminti kaɗan, galibi ƙasa da kashi 10 cikin 100, a ɗan yayyafa ruwa, a matse ta da inji ta fito bulo mai kusurwa daidai. Ba a gasa shi, ana dai rufe shi ya sha danshi na wasu makonni har ya yi ƙarfi. Bango mai kauri na irin wannan bulo yana shanye zafin rana a hankali, ya sake shi da dare bayan iska ta yi sanyi. Ɗakin siminti mai rufin kwano kuwa yana ɗaukar zafi nan da nan, shi ya sa mai shi ke neman fanka ko na'urar sanyaya ɗaki, a ƙasar da wutar lantarki ba ta da tabbas. A 2022 aikin ya shiga jerin waɗanda aka tantance don lambar yabo ta Aga Khan.

Masallacin da aka so rushewa

Aikin da ya fi kusa da rayuwar ƙauye shi ne na Dandaji, wani garin Hausawa mai mutum kusan 3,000 a jihar Tawa. Tsohon masallacin Juma'ar garin na ƙasa ne, aikin Alhaji Falke Barmu, maginin da masallacinsa na Yama ya ci lambar Aga Khan a 1986. Masallacin Dandaji ya tsufa, ya kuma yi wa jama'a kaɗan, har aka fara maganar rushe shi a yi sabo na siminti.

Mariam da Yasaman Esmaili suka kawo wata shawara: a gina sabon masallaci mai ɗaukar mutum 1,000 a gefe, a gyara tsohon a mai da shi ɗakin karatu. Aka nemo maginan da suka san ginin tun asali suka yi gyaran, suka kuma koyi aiki da matsattsen bulo. A cikin tsohon ginin aka kafa bene na ƙarfe da katako don kantocin littattafai da wurin zama, ba tare da an ɗora wa tsofaffin bangaye nauyi ba. Aka ƙara azuzuwa don karatun manya. Tsakanin gine-ginen biyu aka dasa itatuwa, aka yi tanki a ƙarƙashin ƙasa mai tara ruwan damina don ban ruwa. Sunan wurin Hikma, don tunawa da Baitul Hikma na Bagadaza, inda ilimin addini da na duniya suka zauna a inuwa guda. An kammala a 2018. Aikin ya ci lambar zinariya ta gidauniyar LafargeHolcim ta yankin Afirka da Gabas ta Tsakiya a 2017, da ta azurfa a matakin duniya a 2018.

A wannan garin dai ta zana kasuwa. Ta bar tsohuwar bishiyar da ake cin kasuwa a gindinta, ta kewaye ta da rumfunan bulon ƙasa, ta kuma kafa faya-fayan ƙarfe masu launi a kan sanduna, wani sama da wani, suna ba da inuwa kamar ganyen bishiya, iska na ratsawa ta tsakaninsu. Maƙeran yankin ne suka ƙera su.

Daga nan sunanta ya fita duniya. Ta yi aiki da David Adjaye a shirin horarwa na Rolex a 2018 da 2019, ta samu lambar Yarima Claus ta Holan a 2019, ta zama farfesa a jami'ar ETH da ke Zurich a Suwizalan. An ba ta zanen cibiyar tsohuwar shugabar Laberiya Ellen Johnson Sirleaf a Monrobiya, da gidan tarihi na Bët-bi kusa da Kaolack a Senegal.

Abin da take jayayya da shi

A hirarraki da laccocinta, Mariam ta sha komawa kan magana guda: tun zamanin mulkin mallaka aka cusa wa mutanen yankin Sahel cewa ginin ƙasa na talaka ne, siminti kuma shi ne ci gaba. Sakamakon haka mutum kan kashe kuɗin shekaru a kan kayan da aka shigo da su daga waje, ya samu ɗakin da ba ya zaunuwa da rana. Kuɗin ya tafi ƙetare, sana'ar magini ta mutu a gida.

Duk da haka ba ta cewa a koma ginin kakanni yadda yake. Tana amfani da kankare da ƙarfe inda ƙasa ba za ta iya ba, kamar harsashi da dogayen ginshiƙai. Abin da take ɗauka daga tsohon gini shi ne dalilinsa: me ya sa aka yi zaure, me ya sa taga ta zama ƙarama a sama, me ya sa magini ya yi bakan gizo da tulluwa ya ɗaga rufi, zafi ya hau can ya bar mutane a ƙasa. Idan an fahimci dalilin, ana iya cim ma sa da kayan yau.

Ƙasar Jazira daban take

Ƙauyukan Jazira da Sennar ba baƙin ginin ƙasa ba ne. Akwai jalus, bangon laka da ake ɗorawa sahu-sahu ana jira ya bushe. Akwai zibala, yaɓen da ake haɗawa da kashin dabbobi kafin damina, wanda ke aikin da makuba ke yi a ƙasar Hausa. Akwai rakuba, rumfar da iyali ke wuni a ciki, da hosh, wato tsakar gida. Akwai kuma jan bulo da ake gasawa a bakin kogi. Mafi yawan abin da Mariam ke nema a tsohon gini yana nan tsaye a waɗannan ƙauyuka.

Sai dai wanda ya kwafi Dandaji kai tsaye zai sha mamaki. Ƙasar Dandaji ja ce mai tsakuwa da yashi, wadda ke karɓar matsi. Ta Jazira baƙar laka ce, irin wadda ta sa Turawan Ingila suka gina madatsar Sennar a 1925 don noman auduga. Tana kumbura idan ta sha ruwa, ta tsattsage da rani, kuma wannan motsi yana fasa bango, har na siminti. Bulon da aka matse daga ita zalla zai tsage. Dole a gauraya ta da yashi mai yawa, kuma ga ƙasa mai yawan laka, farar ƙasa da aka gasa, wadda 'yan Sudan ke kira jir, ta fi siminti dacewa. Akwai gwaji mai sauƙi da magina ke yi: a zuba ƙasa a kwalba, a cika da ruwa, a girgiza, a ajiye. Yashi zai kwanta a ƙasa, laka a sama, ido ya ga yawan kowanne.

Abu na biyu shi ne ruwa. A ambaliyar 2020, wadda ta sa gwamnatin Sudan ta ayyana dokar ta-ɓaci ta wata uku, gidaje fiye da 100,000 ne suka rushe ko suka lalace, kuma jihar Sennar na cikin waɗanda abin ya fi shafa. Gidan ƙasa daga gindi yake mutuwa. Saboda haka kuɗin da ake da shi na siminti da jan bulo, a harsashi ya kamata su tafi: a zurfafa shi, a ɗaga daɓe sama da inda ruwa ya taɓa kaiwa, a fitar da bakin rufi ko indararo nesa da bango, a gyara hanyar ruwa a kewayen gida. Daga nan zuwa sama ƙasa ta isa.

Inji, gayya da takardar fili

Injin matse bulo na hannu ba abin da gida ɗaya zai saya ba ne, kuma yana buƙatar wanda ya koyi auna haɗin. Amma ƙauye na iya mallakar ɗaya. Al'adar da 'yan Sudan ke kira nafir, Bahaushe ke kira gayya, ta dace da wannan aiki: yau a buga bulon gidan wane, gobe na wane. Yana kuma rage dogaro da jan bulo, wanda gasa shi ke cin itace da ƙasar bakin kogi.

Akwai matsalar da zane ba ya magancewa. Dubban ma'aikatan gona a Jazira, cikinsu har da Hausawa, suna zaune a matsugunan da ake kira kanabi, inda da yawa ba su da takardar mallakar filin da suka shekara a kai. Wanda ba shi da tabbacin zama ba zai zuba ƙarfinsa a harsashi mai zurfi ba. Maganar gini mai ƙarko a waɗannan wurare tana tafiya ne tare da maganar haƙƙin fili.

Tarihin kwarin Nilu ma yana da gargaɗi. A shekarun 1940 Hassan Fathy na Masar ya gina Sabuwar Gurna kusa da Luxor da tubalin laka, da fasahar rufin da ya koya daga maginan Nuba. Ginin ya yi suna a duniya, amma yawancin mutanen da aka yi dominsu sun ƙi tarewa, don ba su ne suka nemi a tashe su ba. A Dandaji jama'ar gari ne suka nemi sabon masallaci, aka zauna da su, maginansu suka riƙe aikin. Yanzu da ƙungiyoyin agaji da hukumomi ke maganar sake gina Jazira da Sennar, dattawan ƙauyuka da kwamitocin masallatai na da damar tambaya tun kafin a sauke buhun siminti na farko: wa ya gwada ƙasar, ina ruwa ya tsaya a 2020, kuma magina nawa daga cikin gari za a ɗauka.