Tabon da Ke Dawowa a Robar Motar Ƙungiya

A shekarar 1975 aka buɗe Shirin Bunƙasa Noma na Funtua, a shekarar ce kuma kamfanin Peugeot ya soma haɗa motoci a Kaduna. Bambar a-kori-kura ta wancan zamani ƙarfe ce. Motocin yanzu kuwa, bamba da gidan madubi da hannun ƙofa yawanci roba ce baƙa. Ƙungiyoyinmu na Funtua da Malumfashi suna kuka cewa fararen ɗigo na fitowa a robar nan, a wanke yau, gobe su dawo. Tabo ba ya dawowa sai in abin da ya kawo shi yana nan. Saboda haka mu fara gane shi tukuna.

1. Ruwan wanki. Ruwan rijiya da na burtsatse yakan ɗauko gishirin ƙasa. In aka wanke mota a rana, ruwa ya bushe, gishirin ya zauna. Alamarsa ɗigo zagayayye, in an jiƙa ya ɓace, in ya bushe ya fito. A haɗa ruwan lemun tsami da ruwa daidai wa daida, a goga da tsumma, a ɗauraye, a share kafin ya bushe. Nan gaba a yi wanki a inuwa.

2. Takin zamani. Wannan shi ne mafi haɗari. Ƙurar yuriya tana jan laima, ta narke, ta bushe ta bar fari. A kan roba muni ne kawai, amma ruwan nan yana gangarawa ƙarƙashinta ya ci ƙarfe da kusoshi. Tabon da muke gani a sama gargaɗi ne na tsatsar da ba mu gani. Duk ranar da aka yi jigilar taki, a wanke mota da ruwa mai yawa, har ƙarƙashi. A shimfiɗa tamfol kafin a ɗora buhuna.

3. Itace. In tabon yana danƙo a yatsa, dubi inda motar ke kwana. Ƙananan ƙwari da ke shan ganyen mangwaro suna zubo da darɓa, irin wadda muka sani a ganyen dawa. Ruwan ɗumi da sabulu ya isa. Amma in ba a sauya wurin ajiya ba, aikin banza ne.

4. Man goge mota. Wanda ake shafa wa fenti, in ya taɓa roba, yakan maƙale cikin ƙananan ramukanta ya yi fari kamar alli. Tsohon buroshin haƙori da sabulu ne maganinsa.

5. Rana. In robar duka ta yi toka-toka, ba ɗigo ba, rana ce ta ƙone fuskarta. Wanki ba zai fid da wannan ba. Akwai man roba a shagunan kayan mota mai mai da baƙin na ɗan lokaci. Rumfa ta fi shi araha, ta kuma fi daɗewa.

Kada a yi amfani da fetur, ko kananzir, ko soson ƙarfe. Man birki yana cin fenti. Baƙin mai kuwa yana sa ƙyalli na kwana biyu, sa'an nan ya tara ƙurar hunturu. Kowane abu za a shafa, a gwada shi a ɓoyayyen wuri tukuna. In maganin feshin auduga ne ya zube, a sa safar hannu, kada kuma ruwan wankin ya bi ta bakin rijiya.

'Yan'uwa, motar nan da kuɗin masararmu da audugarmu aka saye ta, amana ce a hannunmu. Muna ba kowace ƙungiya shawara ta naɗa mutum ɗaya mai duba ta kowace Asabar, ya ba da rahoto a taron wata. Ubangiji ya sa albarka a aikin hannuwanmu.