Makani Shi Kaɗai Ba Ya Gina Jiki

'Yan'uwa manoma, idan kaka ta yi, makani yakan cika kasuwannin Rano da Kibiya. A dafa shi, a ɓare, a miƙa wa yaro, ya ci ya ƙoshi. To, amma ƙoshi dabam, gina jiki dabam.

A kudancin ƙasar Sin, wajen birnin Kanton, suna noma makani kamar mu. Ga yadda suke yi da shi ran biki. Sukan yanka shi fale-fale, su yanka naman alade haka nan, su ɗan soya. Sai su jera a kwano, yanka ɗaya na nama, ɗaya na makani, su turara kamar yadda matanmu ke turara dambu, har awa biyu. Makanin ya sha romo ya yi laushi, nama kaɗan kuwa ya ishi gida duka.

Dabarar tana da tushe. Makani abinci ne mai ba da ƙarfin aiki, amma abin gina jiki da ke cikinsa bai kai kashi 2 cikin 100 ba. Busasshen wake da gyaɗa suna da fiye da kashi 20. Yaron da aka yaye a kan makani ko rogo zalla yana iya kamuwa da kwashiyoko: ƙafafu su kumbura, gashi ya yi ja ya tsinke.

Ba lalle sai alade ba. Naman akuya, kaza, ko busasshen kifi duk sun yi. Ran da babu nama, a haɗa da wake ko garin ƙuli-ƙuli. Ɗanyen ganyen makani ma a miya yana taimakon ido da jini.

A kula da abu uku. Makani da ganyensa suna sa ƙaiƙayin maƙogwaro in ba su nuna sosai ba. Naman alade kuma a dafa shi har ja ya ɓace daga ciki, don gudun tsila. Mai hawan jini ya rage kitse da gishiri.

A taronku na gaba, ku yi shawarar wake da gyaɗa nawa kowane gida zai keɓe domin yara kafin a kai saura kasuwa. Kuɗin magani ya fi kuɗin mudun wake.